Kuɗin Dangwale da Ƙwaryar Daso

Bazarar bana ta zo mana da zafin da na yi zaton na gama ganin irinsa a duniya. Tun da hantsi ƙasa ke ƙuna, ruwan randa ya koma ɗumi, awaki su lafe a gindin katanga suna haki. Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, a ji ƙamshin ruwa har cikin hanci, sai iska ta taso ta watsa shi. A Batsari muke zaune yanzu, ni da ɗana Rabe da iyalinsa, a gidan haya, tun da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Tsaskiya. Wani bawan Allah ya ba mu aron gona a bakin gari, ita muka yi ta jiran ruwa ya sauka mu shuka.

Rabe ya haura arba'in, gemunsa har ya fara furfura, amma in ka gan shi da waya sai ka rantse jiya aka yaye shi. Faci yake yi a gindin wani bedi, wato itacen dogon yaro, kusa da tasha. Da aiki ya lafa, shi da abokansa sai kowa ya sunkuyar da kai, babban yatsa na ta dangwalar gilashi. Wai mainin suke yi. Da na tambaya mene ne mainin, ya ce haƙar kuɗi ce a cikin waya. Na ce to madalla, mu da muka haƙi rijiya mun ga ruwa, ku ma Allah Ya nuna maku. Tun daga ranar nake ce ma abin kuɗin dangwale.

Kada in yi mashi ƙarya, abin ba wasa ba ne zalla. Suna da wani guruf a waya inda suke haɗuwa, mutanen garuruwa da yawa, kuma sun yarda a tsakaninsu za su riƙa karɓar kuɗin nan. Mai shayi na karɓa, tela na karɓa, mai cajin waya ma haka. Da idona na ga Rabe ya shigo da sukari da sabulu, kuma ko naira ɗaya ba ta fita daga aljihunsa ba. Sun ce akwai ranar da za ta fashe, wato duniya duk ta yarda da ita ta yi mata farashi, wanda ya tara ya zama mai arziki, a bar naira ga tsofaffi irina.

"Inna, ke fa shaida ce," in ji shi wata rana da na dame shi da tsiya. "Shekarar da aka canja manyan takardun kuɗi, ba da kuɗina a banki muka riƙa wuni da yunwa ba? In wuni a layi in dawo hannu sake. Yau kuma ki riƙe naira da safe, kafin yamma ta rame. Wannan kuwa babu gwamnatin da za ta tashi ta ce ta canja mashi launi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na fi shi sanin ta.

Ranar da abin ya faru suna na tafi can bayan kasuwa. Na dawo da azahar, na shiga rumfar girki in sha ruwa, na ɗaga kai sama kamar yadda na saba. A nan saman murhu nake rataye damin irin gero, don hayaƙi ya hana ƙwari shiga zangarniya. Ranar da muka gudo daga ƙauye na bar tukwanena da gadona, amma damin nan a kaina na ɗauko shi. Sai na ga igiya kaɗai tana lilo.

Matar Rabe ta sunkuyar da kai, ta ce in tambayi maigidan. Da ya shigo bai ma ga abin ɓoyo ba. Wani ɗan kasuwa daga guruf ɗinsu ne ya zo da a-kori-kura yana sayen iri da kuɗin dangwale, kuma ya saya da daraja.

"Gero ai gero ne, Inna," ya ce. "In ta fashe, iri na zamani zan sawo maki, na cikin leda, har ki rasa inda za ki zuba."

Ban yi faɗa ba, kuma duk wanda ya san bakina ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗaki na shiga na zauna a bakin katifa. A bango akwai ragaya, a cikinta wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe. Ita na zuba ma ido, sai ga ni a wata bazarar, ina yarinya, da Rabe goye a bayana.

Daminar da ta gabaci wannan bazarar ta yaudare mu. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya fito har ya kai idon sawu, sai sama ta ɗauke. Muka zuba ido yabanya ta yi ja, ta naɗe, ta kwanta. Aka sake shuka, ita ma ta bi ta farko. Abin da muka girba a kaka bai rufe gindin rumbu ba. Kafin tsakiyar rani mun koma tuwo sau ɗaya a yini, shi ma ruwa-ruwa. Malam, mahaifin su Rabe, Allah Ya jiƙansa, ya kai sansa na huɗa kasuwar Safana ya sayar, ya zuba takardun a gwangwani ya turbuɗe a ƙarƙashin gado. Ya ce wannan na iri ne da abincin noma, ko wuta ta kama ba za a taɓa ba.

Ana cikin haka soja suka canja launin kuɗi. Labarin bai iso mana da wuri ba, a rediyon mai unguwa aka ji, kuma kwanakin da aka bayar sun kusa ƙarewa. Banki kuwa sai Dutsin-Ma. Malam ya tono gwangwani, ya taka da ƙafa har Safana, ya hau babbar mota. Can ya iske layin da ba a ganin ƙarshensa, mutane kwance a rana da ƙullinsu a hammata. Da ya dawo ban tambaye shi komai ba, don na ga gwangwanin a hannunsa da nauyinsa yadda ya tafi. Ya ajiye shi a tsakar gida, ya nemi buta. Daga baya yara ne suka riƙa wasan kasuwa da takardun, suna sayen tuwon ƙasa da kuɗin san huɗa.

Sabbin kuɗi ba su shigo ƙauye ba, tsofaffi ba mai karɓa, 'yan sulallan da ba a canja ba su ma suka ɓuya. Yunwa kuwa ba ta jira kowa ba. Da asuba mu mata mu fita da sanda da ƙoƙo, mu tone gidan tururuwa, mu sheƙe ɗan hatsin da suka tara, suna cizon mu har gwiwa. Mu tsinko yaɗiya mu dafa da kanwa. Hanza kuwa sai an jiƙa ta ana zubar da ruwa ana sakewa kafin ɗacinta ya sake, kuma ko ya sake sai ka ji shi a maƙogwaro har washegari. Da rana ta take sai kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don motsi ma cin abinci ne. Garin ya yi tsit, ba ka jin daka ko a gida ɗaya. Har yau in na ji unguwa shiru babu ƙarar turmi, gabana faɗuwa yake yi. Irin da muka rataye a ɗaka ma mun sauke shi, zangarniya bayan zangarniya, muna cewa wannan ce ta ƙarshe, har ya ƙare.

Nonona ya ƙafe. Rabe ya kama ya ja ya ja, ya saki, ba shi da ƙarfin kuka ma, sai dai ya buɗe baki. Wuyansa ya zama siriri, kai ya yi mashi nauyi. Na fara kallonsa da idon wadda ke shirin haƙuri.

A nan Daso ta shigo. Bafulatana ce, rugarsu na hayin rafi ta wajen hanyar Babban Duhu, kuma tun ina amarya take kawo mana nono. Su ma shekarar ba ta bar su ba, ciwo ya kwashe masu shanu, mijinta ya kora sauran arewa neman ciyawa, aka bar ta da wata jar saniya guda da ɗan maraƙinta. Ta leƙo ta ga yaron, ta kwance shi daga bayana, ta tsoma yatsa a madara tana ɗiga mashi a baki.

"Ba ni da ko kwabo, ƙawa," na ce mata.

"Saniyata ba ta san kwabo ba, Kulu," ta ce. "Ruwa take so. Rafinmu ya bushe, rijiyarku na da saura."

Haka muka ƙulla. Kullum in ja ruwa har tafin hannuna ya tsage, yayyen Rabe su tsinto 'ya'yan gawo, in haɗa da 'yar harawar da ta rage a kan rumfa. Ita kuma ta zo da madara. Ba mu kaɗai ba, garin duka haka ya koma. Tulun ruwa na sayen ludayin nono, damin itace na sayen dunƙulen daddawa, wunin sharar gona na sayen kwanon garin rogo a gidan wanda ɗansa ya aiko daga kudu. Babu wanda ya zauna ya yanka mana farashi, mu muka yarda da shi a tsakaninmu, kuma ya ci. Shi ya sa da Rabe ke ba ni labarin guruf ɗinsu ban yi mamaki can ba, mun taɓa yin kuɗinmu mu ma. Sai dai mu duk wanda ka karɓi abinsa ka san ƙofar gidansu, ka san kabarin kakansa.

Akwai kuma ƙa'idar da ta riƙe abin duka. In an kawo maka abu a ƙwarya, ba ka mayar da ita babu komai a ciki. Ko ɗan garin kuka ne, ko gutsuren kanwa, ko 'yan ƙirare a ɗora a kan faifai, dole ta koma da wani abu. Ba biya ba ne, don sau da yawa abin bai kai ko kusa da wanda aka kawo ba. Amma muddin ƙwarya na zuwa tana komawa, gidajen nan biyu ba su rabu ba.

Ruwan farko ya sauka wata safiya bayan mun fid da rai. Iska ta fara, ta ɗaga bunun ɗakuna, sannan aka sako shi kamar da bakin tulu. Yara suka fita tsirara suna tsalle da ƙafafunsu kamar sillen kara. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi suka fara, shinge ya fito muka kama muka soya. Da aka ɗauke na leƙa zaure, na ga Malam zaune da sungumi a kan cinya, yana kallon ƙasa mai danshi. Ga ruwa, ga gona a share, babu ƙwaya ɗaya ta iri a gidan. A duk wahalar shekarar, wannan zaman nasa ya fi ci mani rai.

Da hantsi sai ga Daso, zanenta jiƙe har gwiwa don ta ratso rafi. Na miƙa hannu in taya ta sauke ƙwarya, na ji nauyin ba na nono ba ne. Ta ɗaga faifai. Gero ne, ƙanana-ƙananan ƙwaya, launin toka. Mijinta ne ya aiko daga can wajen iyaka, wani ɗan maraƙi daga cikin shanun da ya kora ya bayar aka ba shi. Ta ce irin mutanen can ne, ba ya jiran damina ta yi tsawo.

Na duba ɗaki, na duba madafa. Ko kuka babu.

"Daso, me zan zuba maki a ciki?"

"Ki riƙe ta har kaka," ta ce, ta yafa gyalenta ta tafi da kai babu kaya.

Gero ba ya cin iri da yawa. Muka ɗebi namu, muka tsakura ma maƙwabta, aka yi gayya ranar nan. Maza a gaba suna saran rami da sungumi, mu a baya muna jefa ƙwaya da 'yan yatsu uku muna rufewa da diddige, cikinmu babu komai sai ruwan hanza, amma har waƙa aka yi. Daminar nan ma ruwa ya ɗauke da wuri. Waɗanda suka samo iri daga wani wuri, nasu na cikin bununi ya tsaya. Namu kuwa ya riga ya yi ido. Ranar da na gasa tumun farko na murza a tafin hannu, na hura, na tauna na sa ma Rabe a baki, ya haɗiye ya miƙo hannu yana neman ƙari. Da kaka na cika ƙwaryar nan har ta yi tozo, na ɗauka da kaina har ruga. Shekara na zagayowa garin duka irin nan ake shukawa, ana ce mashi ɗan Daso.

Daga nan ƙwaryar ba ta huta ba. Ta tafi da sabon gero, ta dawo da man shanu. Rabe ne ma ya fasa ta da ya fara tafiya, ya jawo ta daga kan turmi, Daso ta ɗinke tsagar da zaren kaba tana zaginsa cikin wasa. Muka tsufa a haka. Sai lamarin daji ya lalace. Aka kore masu shanu, sannan mutanen gari suka fara kallon duk mai ruga da wani ido, har nono aka daina saya a hannunsu. Wata safiya aka ce su Daso sun tashi. Ƙwaryar na wurina a lokacin, da sauran man shanu a ciki, ban san inda zan mayar da ita ba. Bayan shekaru aka ce mani Daso ta rasu. Ina kewarta har yau, kewar da ban taɓa yi ma 'yar'uwata ta jini ba.

Duk wannan na zauna na faɗa ma Rabe da ya ga na ƙi cin abinci. Ashe shi ƙawar Inna kawai ya san ta da shi, duk shekarun nan zato yake Daso sunan wani gari ne. Ya tashi ya fita. Ya nemi ɗan kasuwar, aka ce ya haɗe irin da na wasu ya wuce da shi. Ya je wurin mai iri na leda a kasuwa, shi kuma ya ce naira yake so, bai san wani dangwale ba. Kuɗin kuma ba su fashe ba, hadari kuwa kullum ƙara nauyi yake yi.

Abin da ya yi daga nan ni ban zata ba. Ya kanga wayar a baki ya yi magana a guruf ɗin nasu, ya ce yana cigiyar duk wanda ya san masu shuka wani gero mai saurin nuna da ake kira ɗan Daso. Kafin la'asar wani ɗan acaɓa ya amsa daga Safana. Ya ce akwai wata mai nono da ke zama bayan tasha ranar kasuwa, ya taɓa ɗaukar ta, a bakin rugarsu ya ga geron da ke riga na kowa nuna.

Ranar kasuwa na sauko da ƙwaryar na wanke. Na zuba garin kuka, da daddawa, da gutsuren kanwa, na rufe da faifai. Rabe ya ɗauke ni a babur, muna tafe ina addu'a, don hanyar nan ba a bin ta da sakin jiki yanzu. Muka same ta can gefe ita kaɗai, nesa da sauran masu talla. Da ta ga mun nufo ta sai ta jawo kayanta jikinta. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi shanu, na tambayi zafi, tana amsawa a taƙaice tana kallon Rabe. Sai na sauke ƙwaryar na ajiye a gabanta.

Ba ta ɗaga faifan ba. Gefen ta juyo, ta bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa.

"Wannan ɗinkin Innata ne," ta ce. Ta ɗago. "Ke ce Inna Kulu?"

Dije ce, 'yar da Daso ta haifa bayan shekarar yunwa, wadda na sha goyawa. Muka yi kukanmu a bayan tasha, mutane na wucewa suna kallo. Ta ce har ciwon ajali uwarta na tambaya ko an ji inda Kulu ta faɗa. Na gaya mata abin da ya kawo mu. Ta ce suna da shi, duk inda suka yi ƙaura da shi suke tafiya.

Rabe ya matso ya durƙusa, ya zaro waya. "Ko nawa ne, Dije. In naira kike so zan nemo, in kuma akwai mai waya a gidanku, akwai wani sabon kuɗi da..."

"Kai ne Rabe?" ta katse shi. "Kai ne ka fasa ta?"

Na yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ya mayar da wayar aljihu. Dije ta juye kukar da daddawar a gefen zanenta ta ƙulle, ta ɗora ƙwaryar a kan kayanta.

"Gobe zan aiko da ita, Inna. Ki riƙe har kaka."

"In Allah Ya kai mu, a nan zan same ki?"

Ta dubi hanyar daji, ta dubi kasuwar da ba wanda ya zo sayen nononta tun safe. "In muna nan," ta ce. "In kuma an sake tashin mu, ki ba duk wadda kika gani da ƙwaryar nono a kai. Za ta san abin da ake nufi."

Washegari ɗan acaɓar nan ya kawo ta har gindin bedi, cike da ƙananan ƙwaya masu launin toka. Ruwa ya sauka a cikin makon. Muka fita gonar aro, Rabe a gaba da sungumi, ni da matarsa a baya muna jefawa muna rufewa da diddige, ƙafata na nutsewa a ƙasa mai sanyi. In an zauna hutu har yanzu yana zaro waya ya ɗan dangwala, ni kuma ban hana shi ba. Wa ya sani, ƙila ta fashe.

Jiya da yamma na kira shi ɗaki, na nuna mashi ragaya. Na ce gwiwoyina sun gaji, numfashina ma ba kamar bara ba. In ban kai kaka ba, shi zai cika ta da geron farko har ta yi tozo, ya ɗauka da kansa ya kai Safana, in bai sami Dije ba ya san wadda zai ba. Bai ce mani in daina irin wannan magana ba. Ya miƙa hannu ya sauko da ƙwaryar, ya zauna a bakin ƙofa, ya sa babban yatsan nan nasa yana bin ɗinkin a hankali har aka kira magariba.